Motar da ba ta yawo: maleji ko kalanda, wa ke faɗin lokacin juye?

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen tsohuwar mota ya san inda dillali ke fara kai yatsa: maleji. "Alhaji, duba da idonka, ko dubu talatin ba ta cika ba. Ajiye kawai take." Idan motar irin ta ƙawa ce mai kujera biyu, wadda ba a zuwa cefane ko kai yara makaranta da ita, to sau da yawa gaskiya ya faɗa. Irin waɗannan motoci a rumfa suke cinye yawancin rayuwarsu a ƙarƙashin tamfol, sai ranar Juma'a da yamma ko ranar ɗaurin aure a fito da su a zaga gari. Sai ka ga mota ta shekara 20 a duniya, amma tafiyar da ta yi ba ta kai wadda motar haya mai jigila tsakanin Kano da Kaduna ke yi a 'yan watanni ba.

Rigimar tana tasowa ne ranar da mai motar ya tambayi kansa yaushe ya kamata a yi mata juye. Bakanike ya rubuta masa a 'yar takarda cewa ya dawo bayan kilomita 5,000, shi kuwa sai ya shekara uku bai cinye su ba. Wannan ya ce masa ai mai ba ya lalacewa tunda ba a aiki da shi. Wancan ya ce duk wata uku a zubar a sa sabo, ko ta motsa ko ba ta motsa ba. Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya, amma kuskurensu ɗaya ne: sun ɗauka baƙin mai ne kaɗai a cikin mota. Alhali akwai mayuka da ruwaye shida ko bakwai a cikinta, kowanne da abin da ke kashe shi. Wasu tafiya ce ke cinye su, wasu kuma zama. A ganina ma jerin da mutane ke bi a birkice yake. Wanda ya fi gaggawa shi ake mantawa da shi shekara da shekaru, wanda zai iya ɗan jira shi ake ta kashe wa kuɗi. An bar jaki ana dukan taiki.

Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki mota guda mu bi ta: Honda S2000. An fara ƙera ta a Japan a 1999, aka daina a 2009. Kujera biyu gare ta, rufinta ana naɗe shi, injin yana gaba amma tayoyin baya ke ja, kuma da giyar hannu mai hawa shida kawai ta fito. Injinta na farko mai lita biyu yana juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya, wanda ya ninka abin da direban gari ke kai motarsa ko da ya fusata. Mafi ƙarancin shekarunta yanzu ya haura 15. Abin da za a faɗa a kanta ya shafi Mazda MX-5 da Porsche Boxster da BMW Z3 da danginsu, sai dai alƙaluman kowacce na cikin littafinta.

Littafin da Honda ta haɗa motar da shi ya riga ya yanke hukunci, mu ne ba ma karanta layin har ƙarshe. A gaban kusan kowane aiki akwai lamba biyu, ta tafiya da ta lokaci, sannan aka ce wanda ya riga zuwa. Baƙin mai, misali, kilomita 12,000 ko shekara ɗaya. Motar da ake hawa kullum maleji ne ke riga zuwa, shi ya sa muka saba da shi. Motar rumfa kuwa ba za ta taɓa cimma maleji ba, kalanda ce ke mulkinta.

Man birki ne a gaba

Idan kuɗin aiki ɗaya kawai mutum ke da shi, a nan ya kamata ya kashe su. Man birki samfurin DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 an haɗa su ne da sinadarin gilaikol, wanda ɗabi'arsa ita ce zuƙar laima daga iska, kamar yadda gishiri ke yi a kicin da damina. Ba sai an buɗe murfi ba. Laimar na shiga ta ɗan ramin iskar da ke murfin kofin da ake zuba man, tana ratsa jikin tiyon roba, tana bi ta gefen robobin kalifa, wato abin da ke matse birki a jikin kowace taya. Ko motar na gudu ko tana barci, wannan aikin ba ya tsayawa. Da gangan masu haɗa man suka yi shi haka, domin duk ruwan da ya shiga ya narke a cikinsa, kada ya taru wuri guda ya zama ɗigon da zai tafasa da wuri ko ya daskare a ƙasashen sanyi. Sai dai dabarar tana da nata lahanin, don kuwa duk ruwan da man ya sha yana rage masa juriyar zafi.

Ƙa'idar Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, wadda daga sunanta aka samo haruffan DOT ɗin, ta ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma da zarar ruwan cikinsa ya kai kashi 3.7 cikin 100, abin da ake nema daga DOT 3 ya sauko zuwa 140, na DOT 4 zuwa 155. Wato mai ya yi asarar digiri 65 zuwa 75 ba tare da motar ta yi taku ɗaya ba. A wuri mai laima 'yan shekaru kaɗan sun isa a kusanci wannan adadi.

Me ya sa tafasar ke da haɗari? Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mai da gudu ya koma zafi, kuma wani ɓangare na zafin yana ratsawa har cikin man da ke bayan fistan ɗin kalifa. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa idan ka taka a nan, ƙarfin ke isa can. Tururi kuwa yana matsuwa. Da man ya tafasa, sai ka taka birki ya tafi har ƙasa fanko, motar ba ta ko ji ba. A cikin gari ba za ka taɓa ganin alamar haka ba, domin birkin ba ya yin zafin da ya kai. Ranar da za ka gani ita ce ranar da ka ce bari a buɗe mata wuta a hanyar Jos, ka zo gangaren Hawan Kibo ƙafarka na kan birki tun daga sama. Abin takaici kuma, idan aka tsira aka tsaya gefe birkin ya huce, tururin sai ya koma ruwa, birki ya dawo garau. Bakanike ya taka ya ce, "Oga, ai lafiyarsa lau." Gaskiya ya faɗa, a sanyi lafiyarsa lau.

Lahani na biyu a hankali yake zuwa, kuma ya fi damun motar da ke zaune. Ruwan nan yana sa tsatsa a cikin masta, wato famfon da ke tura man in ka taka birki, da kalifa da ƙananan ƙofofin akwatin ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka da ƙarfi. Motar da ake hawa kullum fistan ɗinta na motsi yana goge kansa. Wadda ke ajiye sai ya kafe. Alamarsa ita ce motar ta riƙa ja gefe ɗaya in an taka, ko taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan gajeriyar tafiya. Kuɗin akwatin ABS na irin waɗannan motoci ya isa a yi ta juye man birki har motar ta tsufa a hannunka.

Honda ta ce duk shekara uku, ba ruwanta da maleji. Porsche da BMW da Mercedes sun ce shekara biyu. Ni dai in motar a Abuja take ko Kaduna ko ko'ina da damina ke daɗewa, shekara biyu zan bi. Akwai wata 'yar na'ura mai siffar biro da ake tsomawa a kofin ta nuna yawan ruwan, ba ta da tsada. Launi kuwa ba shaida ba ne. Baƙin man birki ya mutu tabbas, amma mai haske ma yana iya kasancewa ya sha ruwa ya ƙoshi.

A kula da yadda ake aikin, domin a nan ake yawan ɓarna. Zuƙe na cikin kofi a zuba sabo ba juye ba ne, tsohon yana nan a bututu da kalifa, inda zafin yake. Sai an fitar da shi ta tayoyi huɗu har sabon ya ɓullo. Kowa ya san yadda ake yi a gareji: maigida yana ƙasa da sifana, yaro yana kan kujera, ana "Taka! Riƙe! Saki!" Yaron kuwa har ƙasa yake dannawa da ƙarfinsa. A motar da ta shekara 20 birkinta bai taɓa wuce rabin hanya ba, ƙarshen ramin masta ya tara tsatsa da datti. Da robar cikin mastan ta bi ta kai sai ta yage. Ka kawo mota da birki, ka tafi ana ce maka sai an sayi masta. Maganinsa ɗan guntun katako a ƙarƙashin abin takawa don kada ya kai ƙasa, ko a yi aikin da na'urar da ke tura man daga kofi. A sayi sabuwar robar man birki a buɗe ta a gabanka, domin wadda aka buɗe bara ta riga ta sha iska. Kada a ruɗu da DOT 5 a ɗauka ci gaban DOT 4 ne. Shi na silikon ne, launinsa shunayya, ba ya haɗuwa da sauran kwata-kwata. In kuma ɗigo ya zuba a fenti a wanke nan take, yana cin fenti.

Kulocin S2000 ma da man birki yake aiki, a nasa ɗan kofin daban, kuma ya fi na birki saurin yin baƙi. Tare ake juye su.

Ruwan lagireto

A nan akwai wata fahimta da ta yi mana illa. Tunda ba ma fama da ƙanƙara, sai aka ɗauka kulan, ruwan nan mai launi da ake sayarwa don lagireto, ba shi da wani amfani, ruwan burtsatse ya wadatar. Hana daskarewa ɗaya ne kawai daga ayyukansa. Haɗin rabin kulan rabin ruwa yana ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 107, matsin murfin lagireto kuma ya ƙara ɗaga ta har ta haura 120. Amma babban aikin shi ne hana tsatsa. A hanyar ruwan akwai alminiyom, akwai ƙarfe, a wasu motocin har da tagulla, kuma duk inda ƙarafa mabambanta suka haɗu a cikin ruwa ɗaya, ɗaya yana cin ɗaya. Sinadaran da ke hana hakan ƙarewa suke yi a hankali, ko inji na aiki ko ba ya yi. In sun ƙare, gilaikol ɗin da ke cikin kulan, wanda ya tsufa, yakan koma mai tsami, ya fara cin abin da aka sa shi tsaro: fikafikan famfon ruwa, bakin bututun alminiyom, da gefen gaskit ɗin kan inji.

Tsohon kulan kore na da can shekara biyu ake ba shi. A tsakiyar shekarun 1990 General Motors ta fito da Dex-Cool mai launin ruwan lemo wanda aka ba shekara biyar. Shuɗin na Honda, wanda take kira Type 2, litattafanta na shekarun 2000 sun ba shi shekara 10 a zubin farko na masana'anta, daga nan kuma duk shekara biyar. Ka ga ke nan ko da S2000 ta ƙarshe ce, wa'adin zubin farko ya wuce tuntuni. Launin ma rini ne kawai, babu dokar da ta ɗaure shi, don haka shuɗin wani kamfani ba lallai ya zama irin shuɗin wani ba. A karanta jikin jarka. In ana buƙatar haɗawa da ruwa, a nemi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin ɓawo a cikin siraran bututun lagireto, daga nan sai zafi, daga zafi sai a ce a cire tamostat, abin da ke tare ruwa har inji ya ɗau zafinsa. Cire shi kuwa yana barin inji da sanyi, sanyin kuma, kamar yadda za a gani yanzu, baƙin mai yake cuta.

Baƙin mai: ba zaman ne ke kashe shi ba

Mai a cikin jarkarsa a rufe yana kai wajen shekara biyar bai yi komai ba. To me ya sa na cikin inji aka ce shekara ɗaya? Saboda na cikin inji ba shi kaɗai ba ne. Duk litar fetur da ta ƙone tana samar da ruwa kusan lita guda. Yawancinsa tururi ne da ke fita ta salansa, shi ne ɗigon nan da kake gani da safe. Amma wani kaso yana ratsa gefen ringin fistan ya sauka cikin mai, tare da ɗanyen fetur da bai ƙone ba da toka da iskoki masu tsami. Abin ya fi yawa lokacin da inji ke da sanyi, domin a lokacin kwamfutar motar na ƙara yawan fetur, ƙarafan kuma ba su buɗe sun cike gurbinsu ba. Idan aka yi doguwar tafiya man ya yi zafi sosai, ruwan da fetur ɗin sukan ƙafe su fita. Idan ba a yi ba suna nan, su haɗu su zama tsami da kunu-kunu, su kwanta a kan metal, wato bayarin ɗin cikin inji, da sauran ƙarafa har zuwa tashi na gaba.

Wannan ya kawo mu ga al'adar da kusan kowane mai motar ajiya ke yi da kyakkyawar niyya. Kowace safiya direba ko ɗan gida ya yaye tamfol, ya tayar da ita, ya bar ta tana aiki minti biyar, ya ɗan taka totur sau biyu don a ji ƙararta, ya kashe. Ana cewa ana ɗumama ta kada ta lalace. A gaskiya ruwa da fetur ake tara mata a cikin mai kullum, ba tare da an ba ta zafin da zai kore su ba. Salansa ma tana tara ruwa tana ruɓewa daga ciki, batir kuma ba ya maida abin da aka ciro wajen tayarwa. Motar da aka rufe aka bari wata uku cur da mai mai tsafta, aka cire kan batir ko aka jona shi da ƙaramar caja, ta fi wannan lafiya nesa ba kusa ba. Buɗe murfin da ake zuba mai ka duba bayansa. In ka ga wani kitse-kitse mai ruwan madara da shayi, ruwa ne ya gauraya da mai. A motar da ke doguwar tafiya wannan na iya nuna gaskit ya ƙone, amma a motar ɗumame yawanci al'adar nan ce.

Kuma kada allurar zafi ta yaudare ka. Zafin ruwa take nunawa, mai kuwa yana biyo baya da mintuna masu dama. In za a tayar da motar, a fita da ita a yi tafiyar rabin awa a buɗaɗɗiyar hanya, a kunna AC a hanya don robobinsa su sami maiƙo, a taka birki sau da dama. Sau ɗaya a mako biyu ko uku ya isa. In ba za a yi haka ba, a ƙyale ta ta yi barcinta.

Saboda haka shekara ɗayan da aka rubuta ba wai ranar da mai ke mutuwa ba ce. Kamfani bai san yadda kake hawa ba, sai ya zaɓi wa'adin da zai rufa wa kowa asiri. A Amurka masu irin waɗannan motoci kan aika samfurin mai a 'yar kwalba zuwa ɗakunan gwaji irin su Blackstone da ke Fort Wayne a jihar Indiyana, a auna musu ƙarfe da tagulla da darma da fetur da ruwan da ke ciki, da ragowar ƙarfin man na kashe tsami. Ba abin mamaki ba ne man da ya shekara biyu a motar da ake yi wa dogayen tafiye-tafiye jifa-jifa ya fito da sauran ƙarfinsa, na motar ɗumame kuwa ya fito da fetur a ciki tun bai shekara ba.

Mu da ba mu da irin wannan gwaji a kusa, sai mu koma ga littafi, kuma littafin yana da wani shafi da ya kira yanayi mai tsanani, inda wa'adin ya koma kilomita 6,000 ko wata shida. Me ya lissafa a ciki? Tafiyar da ba ta kai kilomita 8 ba, zafin da ya haura digiri 32, barin inji yana aiki a tsaye, da hanyoyin ƙura. Wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ya kuma san ƙurar hunturu, ya san a wane shafi muke. Hukuncina dai shi ne: in ana hawa ta yadda ya kamata, sau ɗaya a shekara da mai mai kyau da sabuwar filta ya wadatar. In gajerun zagaye ake yi da ita a cikin gari, wata shida. Duk wata uku kuwa ga motar da ba ta yi ko kilomita 500 ba, wannan kyauta ce ga mai shago. Kuma in za a yi doguwar ajiya, kafin ajiyar ake juye, ba bayanta ba, don kada ƙarafa su kwana wata shida a cikin tsami.

Sai kaurin man. An saba zuba mai kauri irin 20W-50 a kowace mota da hujjar ƙasarmu da zafi. Injin S2000 10W-30 aka rubuta masa, kusan lita biyar. Tsarin VTEC ɗinsa, wanda ke ƙara buɗe bawul in inji ya kai wajen juyi 6,000 a minti, da ƙarfin matsin mai yake aiki, haka ma abin da ke ɗaure sarkar taimin. Kauri ba shi ne inganci ba. Injunan farko na motar an san su da shan mai, don haka jan sandar awo kafin kowace fita ya fi muhimmanci a kan gardamar wane kamfani ya fi.

Fetur ma ruwa ne, kuma shi ne mafi gajeren kwana. Cikin 'yan watanni, musamman a zafi, sassansa masu saurin kamawa sukan ƙafe, ragowar ya fara zama danƙo mai toshe nozul da kama famfon cikin tanki. Hanci ke gane shi: tsohon fetur warin tsohon fenti yake yi. Ƙarfinsa na jure matsi yana raguwa, injin S2000 kuwa mai matsi ne sosai, fetur mai daraja ta sama aka ce a ba shi, ga shi galibin gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa. Wanda ya haura shekara a tanki a zuƙe shi, kada a ce bari a ƙona shi a hanya.

Man giyabos da na aksul ɗin baya su ne masu haƙuri. Babu wuta a wurinsu, babu toka, babu fetur, don haka tafiya ce ta fi cinye su. Amma kowannensu yana da ƙofar numfashi, kuma laima na shiga ta nan. Shekara huɗu ko biyar ga giyabos ba laifi. Aksul ɗin S2000 bai cin ko lita ɗaya, ɗan man da ke ciki yana shan wahala, gara a riƙa juye shi duk shekara biyu tunda kuɗinsa ba yawa. Haɗarin a nan ba jinkiri ba ne, zuba wanda ba shi ba ne. Aksul ɗin yana son mai kauri lamba 90 samfurin GL-5. Bakaniken da ya saba da Honda CR-V yana iya miƙa hannu ga siririn man da ake zuba wa aksul ɗinta, wanda ba zai kare haƙoran wannan ba. Giyabos kuma yana son nasa na Honda, kimanin lita ɗaya da rabi, ba GL-5 ɗin ba, domin zobban tagullar da ke daidaita shigar giya ba su jituwa da shi, sai giya ta fara gurnani. Kuma a fara kwance notin zubawa kafin na juyewa. Wanda ya zubar da mai sannan ya tarar na sama ya kafe, motarsa ta kwana a gareji.

Sitiyarin S2000 na lantarki ne, ba shi da mai. In an rubuta maka kuɗin man sitiyari a lissafi, ka tambaya ina aka zuba shi. Masu giyar otomatik kuma da aka ce musu man na har abada ne, su sani kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera wa BMW da Jaguar giyabos, shi da kansa ya ba da shawarar juyewa tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara takwas.

Ba ruwa ba ne, amma ba zan wuce ban ambaci roba ba, don kalanda ɗaya ke cin su. A ranar 30 ga Nuwamba 2013 ɗan wasan fim na Amurka Paul Walker da abokinsa Roger Rodas, wanda ke tuƙi, suka mutu a cikin Porsche Carrera GT ƙirar 2005 a Santa Clarita ta jihar Kalifoniya. Masu bincike sun ce gudu fiye da kima ne sanadi, amma sun kuma rubuta cewa aƙalla biyu daga cikin tayoyin motar sun haura shekara tara. Taya na iya kasancewa da zanenta cif alhali robar ta bushe ta daina kama kwalta. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014. Wasu masu ƙera motoci shekara shida suke ba taya, Michelin ta ce ko yaya take kada ta wuce 10. Haka bel ɗin taimin a motocin da ke da shi, irin tsofaffin MX-5, da tiyoyin ruwa da na fetur.

Saura wanda ya sayi motar yanzu, ta sauka daga Kwatano ko Legas babu takardar sabis ko ɗaya. Ya ɗauka komai na ciki tun na masana'anta ne, ko da dillali ya rantse. Ya tuna ta yi makonni a teku da bakin tashar jiragen ruwa tana shan iskar gishiri. Ya duba ko malejin da mil yake ƙirge, domin mil 30,000 kilomita 48,000 ne, wannan ma in ba a taɓa lambar ba. Idan ta daɗe ba a tayar ba, kada a murza mukulli a hau taka totur. A zuƙe tsohon fetur, a juye mai da filta, a cire fis ɗin famfon fetur a juya injin na 'yan daƙiƙu sau biyu ko uku har mai ya zagaya, sannan a maida fis a tayar. Birki da kuloci a gama da su kafin ta taka babban titi, lagireto a makon, giyabos da aksul in an samu sarari. Ruwan wankin inji da ake tallatawa a bar shi a shago, domin a tsohon inji yakan ɓamɓaro dattin da ke kwance ya kai shi bakin rariyar famfon mai. In ana shakkar tsaftar ciki, juye biyu a kusa da juna, tazarar kilomita 1,000, ya fi aminci. Kowane aiki aka gama a rubuta wata da shekara a ɗan tef a manna a ƙarƙashin bonet, ba lambar maleji kaɗai ba.